Hannun Gwaggo Asibi

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin cewa za a yanke wa mutanen yankin nan jiharsu daga Sakkwato, Kontagora ta soma faɗi ta wajen hanyar Rijau, faɗin da ko masu yin sa ba su san inda zai tsaya ba. Inda bara ake turke tumaki, bana sai ka tarar an ja igiya an haƙa harsashi, kafin kaka an ɗora kwano. Saboda ƙyallin rufin nan ne mutanen cikin gari suka raɗa wa wurin Unguwar Kwano, da nufin tsiya, mazauna kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu. An kafa musu turakun lantarki tun wutar ba ta iso ba. An ja famfo ɗaya bakin titi. Aka share filin ƙwallo, aka kafa wa yara lilo na ƙarfe, ranar Asabar kuma motar majigi takan zo ta haska bangon makaranta. Amma abin da ya fi kumbura wa unguwar kai shi ne kulob: gini mai baranda, da firji mai aiki da kananzir, da teburin karta, da shingen waya da aka yi daidai yadda na waje zai ga na ciki yana shan sanyi.

Irmiya na cikin na waje. Ƙaramin akawu ne mai gida ciki biyu a ƙarshen unguwa. Yana zaune da matarsa Alice, malamar firamare, da gwaggonsa Asibi, wadda ta goye shi ta rene shi, yanzu kuma take kwana a ɗan ɗakin da ke jikin madafa. Kulob na manyan ma'aikata ne da 'yan kwangila, shi kuwa bai kai ko ɗaya ba. Kullum da la'asar zai yi wanka, ya sa farar riga, ya turo kekensa a hankali ta jikin wayar nan yana gaida mutanen da ba su san da shi ba. Duk unguwa an san abin da ke cin ransa, har matan da ke bin layin famfo sukan yi masa dariya in ya wuce.

Damarsa ta zo ta hanyar tanis. Shugaban kulob, Alhaji Khalilu, ya je Kaduna ya ga manya suna buga ƙwallon tanis cikin fararen gajerun wanduna, ya dawo ya rantse Unguwar Kwano ba za ta zauna babu nata fili ba. Aka ce masa filin ƙwarai ba da siminti ake yi ba, da jar ƙasar suri ake yi, a danne ta da rola. Ƙasa ta samu, tifa ta yi ta juyewa. Rola ce ta gagara, don guda ɗaya ce a garin, tana can wajen aikin titi, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Ga shi an riga an gayyato wani babban jami'i daga Sakkwato ya zo buɗe fili kafin ruwa ya sauka. Ran nan Irmiya ya jiyo ana wannan magana ta cikin waya, sai ya jingine keke, ya matso, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, in rola ce damuwar, ina da tsohuwa a gida. Daɓenta ko ruwan sama ba ya cin sa. Duk ƙasar Rijau an san hannunta."

Alhaji Khalilu ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi sunansa. Ya ce in fili ya yi kyau kafin ranar buki, shi da kansa zai kai maganar shigarsa gaban kwamiti. A ranar aka ba Irmiya kujera a kulob, ko da yake a can ƙarshen baranda.

Asibi tana tsintar wake ya same ta da maganar. Ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba, don an daɗe ba a nemi aikinta ba tunda siminti ya shigo.

"Ɗaki nawa ne?" ta tambaya.

"Ba ɗaki ba ne, Gwaggo, ɗan fili ne."

Da safe ya kai ta ta gani. Ta tsaya bakin ɗan filin, ta duba gabas ta duba yamma, ta fashe da dariya. Ta ce wannan ai masussuka ce, aikin gayya ne, sai mata da yawa da waƙa da tulun kunu. Ta aika wa Fure, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ita ce uwar zumuntar mata a cocinsu. Washegari mata suka zo da madaɓansu, suka ɗaure zannuwa a ƙirji, suka durƙusa a jere. Asibi na ba da waƙa da yarensu, suna amshi, itatuwa suna sauka tare kamar hannu ɗaya. Aka ci kusan kwata na filin a wuni guda.

Da la'asar manya suka iso shan iska suka tarar da wannan. Wani ya ce hayaniyar ta hana shi jin rediyo. Wani ya ce matarsa ba za ta zauna tana kallon matan ƙauye kafaɗu a waje ba. Alhaji Khalilu ya kira Irmiya gefe ya tuna masa cewa tsohuwa ɗaya ya ce yana da ita, ba kasuwar Auna ba. Kafin magariba Irmiya ya sallami matan, ya ce an gode, kwamiti ya ce aikin na mutum ɗaya ne. Ya kuma roƙi gwaggonsa ta riƙa yi shiru, don wurin na manya ne.

Wanda bai taɓa yin daɓe ba ba zai gane abin da aka yi mata ba. Durƙusawa ake yi, a baje ƙasa da tafin hannu, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasar ta haɗe, sannan a bi ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a sake bugu har ta yi ƙyalli. Waƙar ita ke ɗauke wa kafaɗa nauyi. In babu ita, kowane bugu sai mutum ya ji shi har cikin haƙora. Asibi ta yi shiru ta karɓa, domin yaron da ta goya ne, kuma ta ga yadda idonsa ke haske in ya ambaci kulob ɗin nan.

Ba ta daɗe da fara aikin ita kaɗai ba abin ya faru. Ɗaya daga cikin tarin ƙasar an juye shi ne a bayan kulob, inda ake watsar da fasassun kwalabe. Tana baje shi da tafin hannu sai wani ɓallin kwalba ya shige mata ƙasan babban yatsa na dama, ya yi zurfi. Ta zare shi, ta tsotse jinin ta tofar, ta yagi bakin zanenta ta ɗaure. Ta ci gaba da aiki, ruwan makuba da jar ƙasa suna shiga ciwon suna fita.

Hannun nan shi ne duk abin da Asibi ta mallaka a duniya. Ba ta da ɗa nata, ba ta da gona, ba ta da ko akuya. Da shi take daka, da shi take wanke farar rigar Irmiya, da shi take cin tuwon gidan ba tare da ta ji kunya ba. Ta sani sarai cewa a gida irin wannan, tsohuwar da ba ta da hannu kaya ce. Saboda haka da ta tashi wata safiya ta ga yatsun sun kumbura sun yi sumul, wurin yana bugawa kamar da zuciya a ciki, tsoro ya kama ta, ta tare Irmiya yana goge takalmi.

"Ɗan nan, duba mini hannun nan. Ina ga sai asibiti."

Ya ɗan leƙa daga inda yake zaune. "Ai kumburin aiki ne, Gwaggo. Kin san mutanen asibiti, da sun gan ki za su ba ki gado, su riƙe ki. In suka riƙe ki, ni ina zan sa kaina? Ki daure a gama. Ranar da aka buɗe filin nan, ni da kaina zan ɗauke ki a keke in kai ki wurin likita."

Da yamma ya kawo mata kafso ja da rawaya a ƙunshe cikin takarda, da ƙwayar ciwon kai. Ya tsaya har ta haɗiye, ya tafi yana jin ya sauke nauyi.

Kumburin ya haura wuyan hannu. Tsumman ya fara jiƙewa da mugunya, ƙudaje suka gane hanya. Zazzaɓi yakan sauko mata da rana tsaka, ta yi ta rawar sanyi a durƙushe cikin zafin bazara, ta jira ya lafa ta ɗauki madaɓi. Ta gwada da hagu, amma bugun hagu ba ya zama, ƙasar sai ta yi tudu da kwari. Irmiya ya zo ya shafa wurin da tafin ƙafa, ya ce manya za su gane, ta taimaka ta koma dama.

Alice ta gani, kuma ta fi mijinta sanin abin da ta gani, don ita ce mai koya wa yara tsafta a makaranta. Sau ɗaya ta yi magana. Ta ce, "Maigida, hannun Mama fa ya wuce maganin gida." Irmiya ya tambaye ta ko tana so su mutu a ƙarshen layi suna leƙen mutane ta waya. Ya tuna mata cewa matan 'yan kulob suna da ranarsu ta shayi. Alice ta riga ta kai yadi wurin tela saboda bukin, sai ta ja bakinta ta tsuke. Abin da ta yi kawai shi ne ta ware wa tsohuwar kwano da moɗa, ta ce ta riƙa cin abinci a ƙofar ɗakinta saboda wari.

Fure ce kaɗai ta ta da jijiyar wuya. Ta zo gaisuwa, ta kwance tsumman, ta ga abin da ke ciki, ta nufi Irmiya a tsakar gida.

"Irmiya, ka ji tsoron Allah. In ba ka son mu shiga wurin manyanka da rana, bar mu mu zo da sassafe, mu yi shiru kamar kurame, mu gama mata aikin nan."

"Mama Fure, na riga na faɗa wa Alhaji hannu ɗaya ne zai yi. In aka ga wasu, na zama maƙaryaci."

"To hannun ɗayan yana ruɓewa."

"Ba ku san jinin gidanmu ba ne. Gwaggo ta ga abin da ya fi wannan ta warke." Ya juya wajen Asibi yana murmushi. "Ko ba haka ba, Gwaggo?"

Asibi ta mai da tsumman ta naɗe hannunta. Har a lokacin tana nema masa uzuri a zuciyarta, tana cewa yaro ne, zumuɗi ne, zai dawo hankalinsa.

Sai ga ranar da yatsun suka ƙi lanƙwasuwa gaba ɗaya. Ta ɗauki madaɓi ya zame, ta sake ɗauka ya sake zamewa. Saura ɗan gefe guda wajen da za a ɗaura raga, buki kuma ya ƙarato. Irmiya ya tsaya a kanta yana cizon leɓe. Can ya je wajen kekensa, ya dawo da tsohuwar robar taya, ya durƙusa a gabanta kamar mai neman albarka. Ya ɗora mata madaɓin a tafin hannu, ya naɗe shi da robar tun daga yatsu har wuyan hannu, ya ja ya ƙulle. Asibi ta ga duhu ya gilma mata. Ba ta yi ihu ba, sai dai ta kira sunan uwarta da yarensu.

"Kin gani, ya zauna," in ji shi. "Kaɗan ya rage, Gwaggo."

A haka Alhaji Khalilu ya zo duba aiki ya same ta. Ya yi mata sannu, ya ajiye mata goro a gefe, ya toshe hanci da bakin rawaninsa cikin dabara. Ya ce wa Irmiya, "Ka riƙa kula da iyar nan fa, tsufa sai da lallashi." Sannan ya buga diddige a kan filin, ya ji shi kamar dutse, ya tambaya ko za a iya ja farin layi jibi.

Aka ja farin layi. Aka buɗe fili. Asibi tana kwance a ɗakinta na jikin madafa, hannun a kan tsumma, ya yi baƙi har kusa da gwiwar hannu, tana jiyo kiɗa da tafi daga nesa. Da Irmiya da Alice za su fita cikin sababbin kaya, ta kira shi ta tuna masa alkawarin keke. Ya ce yau ai baƙi sun yi yawa, kuma Alhaji ya sa shi riƙe wa babban baƙo lema, gobe da sassafe za su tafi. Goben ya ce kwamiti zai zauna kan maganarsa, ba zai yiwu a neme shi a rasa ba.

Fure ce ta aro amalanke wurin masu sayar da itace, ita da mata biyu suka ɗora ta suka tura har asibiti. Likita ya kwance tsumman, ya dubi matan, ya tambaya cikin fushi a wane daji tsohuwar nan take zaune da ba a kawo ta da wuri ba. Fure ta ce a Unguwar Kwano. A ranar aka yanke hannun, ƙasa da gwiwa kaɗan, don a ceci sauran.

Da yamma Irmiya ya iso, da sabon katin kulob a aljihun gaba inda za a gan shi. Asibi tana kwance ido a rufe, maganin barci bai gama sakin ta ba, amma kunnenta yana ji. Fure ta nuna masa wani ƙunshi a cikin farin ƙyalle. Ta ce ma'aikata sun ba da shi a kai gida a binne kamar yadda ake yi, shi ne namijin gidan, shi ake jira.

Irmiya ya ja da baya. "In kai wannan Unguwar Kwano? Mutane su ce me? Ki ba leburorin asibiti, su tona rami a bayan bola su tura. Hannu ai ba mutum ba ne."

Ya tsaya kaɗan a gefen gadon, ya ce Allah ya sawwaƙe, haka Allah ya ƙaddara, ya ajiye lemo biyu ya tafi.

A kan gadon nan ƙaunar da Asibi ta yi wa yaron nan tun yana tsumma ta mutu, kuma ta ji mutuwarta sarai. Abin da ya maye wurin ba baƙin ciki ba ne. Ƙiyayya ce mai sanyi, irin wadda ke sa mutum ya yi tunani a tsanake. Ta buɗe ido ta kira Fure, ta ce kada ta kuskura ta ba kowa ƙunshin nan, ta sa shi a tukunya ta rufe da toka. Sannan ta jawo ta kusa ta faɗa mata sauran. Fure ta ce Fasto ba zai so ba. Asibi ta ce Fasto bai zo ya ga hannun ba lokacin da yake jikinta.

Washegari da hantsi, lokacin da manya ke ofis, mai gadin kulob ya hango amalanke tafe, tsohuwa a zaune a kai da dungulmi a naɗe cikin bandeji, bayanta matan zumunta cikin zanensu iri ɗaya, ɗaya ta ɗauko tukunya, wasu da fartanya da diga. Ya tare ƙofa ya tambaye su lafiya. Fure ta ce jana'iza ce. Mai gadin dattijo ne, ya ga tsohuwar nan tana daɓe kullum, ya kuma ga robar. Ya dubi dungulmin, ya kauce, ya tafi neman ruwan alwala can bayan gini, bai yi saurin dawowa ba.

Asibi ta nuna musu tsakiyar fili, dab da raga, wurin da ta ƙarasa da madaɓi a ɗaure. Filin ya yi tauri ƙwarai, diga tana sauka tana tsalle, sai da matan suka yi ta karɓa-karɓa kafin ya buɗe. Suka haƙa rami mai zurfi kamar na jariri. Suka sa ƙunshin, suka yi addu'a, suka mai da ƙasa suka yi tudu, suka jera duwatsu, suka kafa ɗan gicciye na kara. Daga nan suka shimfiɗa tabarmi a kan farin layi suka zauna zaman makoki. Waƙar da aka hana su, ranar sun yi ta da dukan muryarsu, har masu ɗiban ruwa suka bar bokitai a bakin famfo suka zo suka cika jikin waya.

Da la'asar manya suka fara isowa cikin fararen gajerun wanduna. Kowa ya zo sai ya ja birki a bakin fili. Alhaji Khalilu ya iso, aka faɗa masa, ya yi ta faɗa yana cewa a tone, a kira 'yan sanda. Ya umarci mai gadi, mai gadi ya ce shi dai ba ya tona kabari, ko na yatsa ne. Wani ɗan kulob mai ilimin addini ya ce a hankali, gaɓar ɗan Adam tana da alfarmar ɗan Adam, shi kam ba zai taka wurin nan da sunan wasa ba. Sai Alhaji ya waiga ya hango Irmiya, wanda ya iso yanzu da aron abin buga ƙwallo a hannu.

"Kai ka kawo mana wannan. Kai za ka fitar da shi."

Aka miƙa wa Irmiya fartanya. Ya taka cikin filin, matan suka katse waƙa. Ya durƙusa kusa da gwaggonsa, ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, don Allah. Kin kashe ni. Mu je gida mu yi magana."

Asibi ba ta yi ƙasa da tata ba. "Tona mana, ɗan nan. Ba nisa, ka san wurin, nan ka ɗaure shi da roba. Tona ka ɗaga shi sama kowa ya gani. Shi ne ya share maka majina, shi ne ya ba ka tuwo a baki. In ka fito da shi, ka kai bolar da ka ce."

Wata mata a jikin waya ta yi salati. Irmiya ya ɗaga fartanya, ya dubi tudun, ya dubi fuskokin da ke kallonsa, na ciki da na waje. Fartanyar ta sauka a gefensa ba ta taɓa ƙasar ba.

"To tunda ka bar shi, ka ji sauran," in ji Asibi. "Mutanenmu ba sa binne mutum wuri biyu. Ran da na mutu, nan za ka kawo ni, kai da kanka, da rana, ta ƙofar nan. Jama'a, kun ji, ku ne shaida."

Ko da gaske akwai wannan al'ada a wajensu, ko a kan gadon asibiti ta ƙirƙiro ta, babu wanda ya sani, babu kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Ba a sake buga ƙwallo a filin ba. Kwamiti ya zauna sau da yawa, kowa ya yarda a kawar da tudun, ba a samu mai kawarwa ba. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fara leƙowa ta gefen ramin, ragar ta ruɓe a jikin turakunta. Katin Irmiya kuwa, masinja aka aiko har gida ya karɓe. Unguwar ta ci gaba da faɗi abinta, wuta ta iso, aka ƙara famfo, aka gina gidan silima. Baƙo in ya zo akan zaga da shi a nuna masa duk wannan, in an iso bayan kulob sai a ɗauke masa hankali da wata magana. Gari yana iya yin lilo da majigi da firji a shekara ɗaya, amma a cikin gidajen nan masu ƙyalli akwai ɗakuna na jikin madafa da ba a kai baƙo, kuma da ƙarfin na cikinsu ake yin ƙyallin.

Asibi ta koma gidan Irmiya, don ta ce ba ta ga dalilin da zai sa ta sauƙaƙa masa ba. Yanzu a ɗakin gaba take kwana, a kan katifa. Duk Unguwar Kwano babu tsohuwar da ake tattalin lafiyarta kamar ita. Alice ke dama mata kunu, Irmiya ke sayo hanta da madara, ko atishawa ta yi sai ya fito da keke. Maƙwabta sababbin zuwa sukan yaba, su ce ga ɗa mai albarka. Asibi ta san ba ƙauna ba ce, tsoron ranar nan ne, kuma bai dame ta ba. Wani lokaci in suna zaune a tsakar gida da yamma, ya dawo daga ofis yana cin abinci, sai ta dafe ƙirji da dungulmin ta yi tari mai tsawo, ba don yana damunta ba. Ta zuba masa ido tana kallo har lomar ta tsaya masa a wuya.